Jinkirin Sauya Giya a Tsofaffin Motocin Otomatik: Kafin a Sauke Giyabos

Danja ta ba da hannu a mahaɗar titi, motoci suka tashi lokaci guda. A cikinsu akwai wata tsohuwar Camry da inji ke ta kuka kamar za ta tashi sama, amma ƙafarta ba ta kai ta ɗan sahun da ke gefenta ba. Allurar da ke nuna juyin inji ta haura 3,000, ta doshi 4,000, giya ta ƙi barin lamba ɗaya. Sai da direban ya ɗan ɗaga ƙafa daga totur sannan motar ta yi wata zabura, ta faɗa lamba biyu.

Duk mai yawan bin titunan Kano, Kaduna, Abuja ko Maraɗi ya saba jin irin wannan kukan. Masu motocin kan ce giya tana jinkiri, ko tana riƙewa, ko ba ta zaɓa da wuri. A garejoji da yawa kuwa amsar da ke jiransu ɗaya ce: giyabos ya mutu, a sauke a sayo wani.

Wani lokacin hakan gaskiya ne. Amma sau da yawa giyabos ɗin lafiyarsa ƙalau, abin da ke damunsa bai wuce ƙarancin mai, ko tsagaggen tiyo, ko wata sensa da ke kai masa labarin ƙarya ba.

Daga 504 zuwa motocin Kwatano

Giyar otomatik ba sabuwar aba ba ce a duniya. Kamfanin General Motors na Amurka ya fara sayar da ita a motocin Oldsmobile ƙirar 1940. Sai dai a ƙasar Hausa ta daɗe tana baƙuwa. Tun da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, motar da ta mamaye tituna ita ce 504, daga baya 505, kuma kusan dukkansu masu giyar hannu ne. A kansu ne manyan makanikan yau suka koyi sana'a.

Daga shekarun 1990 zuwa yau al'amarin ya juya. Motocin da aka yi amfani da su a Turai da Amurka, waɗanda ake kira Beljiyam ko tokumbo, suka riƙa kwararowa ta tashoshin Legas da Kwatano. Waɗanda ke fitowa daga Amurka da Kanada, irin su Camry, Corolla da Accord, mafi yawansu otomatik ne. Da yawa sun zo ƙasar Hausa da shekara goma a kansu, sun kuma ƙara wasu goman ko fiye a hannunmu.

Motocin sun yawaita, amma masu sanin cikin giyarsu ba su yawaita daidai da su ba. Ga kuma tsadar mai. Kafin janye tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur a Najeriya ba ta kai Naira 200 a farashin hukuma ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura Naira 1,000 a wurare da dama. Motar da ke daɗewa a ƙaramar giya shan mai take yi fiye da ƙima, don haka abin da a da ake kawar da kai a kansa yanzu ana jin sa a aljihu kullum.

Ba kowane jinkiri ne cuta ɗaya ba

Matakin farko shi ne mai mota ya iya bayyana abin da yake ji, domin matsaloli huɗu ne mutane ke haɗawa su kira da suna ɗaya.

Na farko shi ne jinkirin sauyi na ainihi. Mota tana ja da ƙarfinta, gudu yana ƙaruwa tare da kukan inji, amma giya ba ta hawa ta gaba sai an kai juyi mai yawa. A tafiya ta hankali, yawancin motocin fetur kan sauya giya a wajajen juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti. Idan ba a danne totur ba amma sai an kai 3,500 ko 4,000, to akwai magana.

Na biyu shi ne zamewa. Inji ya yi kuka, allura ta hau, amma gudun mota bai ƙaru ba, ko kuma a tsakanin giya biyu inji ya yi wani ihu na banza kafin ta kama. Wannan ya fi na farko muni, domin yakan nuna ƙarfin mai ya ragu ko faifan kulocin ciki, waɗanda makanikai ke kira faiba, sun cinye.

Na uku shi ne a sa giya a D ko R a jira daƙiƙoƙi kafin mota ta amsa, musamman da safe. Na huɗu kuma shi ne giya ta maƙale a lamba ɗaya tak, galibi ta uku, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Kwamfutar motar ce ke yin haka da gangan idan ta ga matsala, don a lallaɓa a kai gareji. Masu Peugeot 406 da 307 masu giyar AL4 sun san wannan halin sosai.

Akwai kuma jinkirin da ba cuta ba ne. Da sanyin safiya motoci da yawa kan riƙe giya na ɗan lokaci har inji ya yi ɗumi. Haka ma a hawan tudu ko idan an labta kaya. Wasu motocin Toyota suna da maɓalli mai rubutun ECT PWR, wanda aikinsa shi ne jinkirta sauyi don mota ta yi ƙarfi, da wani a jikin sandar giya da ke hana shiga giyar ƙarshe, ya kunna fitilar O/D OFF. Ba ƙaramin adadi ba ne na mutanen da suka kai mota gareji alhali yaro ne ya danna ɗaya daga cikinsu.

Yadda giya ke yanke shawara

Don gane inda matsala take, sai an san cewa giyar otomatik tambayoyi biyu take yi a kowane lokaci: nawa ne gudun motar, kuma yaya direba ya taka totur? Idan gudu ya ƙaru kuma ƙafa ba ta yi nauyi ba, sai ta hau giya ta gaba. Idan an danne totur, sai ta ɗauka ana neman ƙarfi, ta tsaya a ƙaramar giya.

A tsofaffin motoci na kafin zamanin kwamfuta, da matsin mai ake ba da amsoshin biyu. Wata na'ura mai juyawa tare da ƙafafun mota, da ake kira gofna, tana ƙara matsi yayin da gudu ke ƙaruwa. A ɗaya ɓangaren kuma akwai matsin da ke bin totur. Abin kamar jan igiya ne tsakanin mutum biyu: lokacin da matsin gudu ya rinjayi na totur, giya ta sauya.

A motocin da suka biyo baya, sensoshi ne ke kai labarin biyu ga kwamfuta, ita kuma ta umarci wasu ƙananan bawuloli masu aiki da lantarki, wato solonoyid, su buɗe wa mai hanya.

Ko da wane tsari ne, jinkirin sauyi galibi yana nufin ɗaya daga cikin abu uku. Ko dai an gaya wa giya cewa mota ba ta gudu alhali tana yi, ko an gaya mata an danne totur alhali ba a danne ba, ko kuma ta sami labarin daidai amma mai bai isa inda aka aike shi da wuri ba. Yawancin binciken da za a yi a kan waɗannan ukun yake tafiya.

A fara da mai

Babu binciken da ya fi duba man giya araha. A yawancin motoci, ciki har da Toyota, ana dubawa ne a wuri mai daidaito, bayan mota ta yi zafi, inji yana aiki, giya tana P. A tsofaffin Honda kuwa sai an kashe inji a duba nan take, cikin minti ɗaya ko makamancin haka. Wanda ya yi wa Honda awon Toyota, ko akasin haka, karatun ƙarya zai samu.

Mai lafiyayye ja ne, garau, ba shi da ƙauri. Idan ya koma ruwan ƙasa ya tsufa. Idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, faiba ta fara ƙonewa. Idan kuma ya yi kama da madara mai ruwan hoda, ruwa ya shiga, ko ta bututun sanyaya man da ke ratsa lagireto, ko ta kutsawa cikin ambaliya da damina. Wannan ba ya jira, domin ruwa yana ɓanɓare faiba daga ƙarfenta.

Ƙarancin mai yana sa famfo ya zuƙi iska, matsi ya faɗi. Cika shi fiye da alama ma illa ce, domin yana kumfa. Toshewar filta da datti a cikin kaskon ƙasa su ma suna rage gudun mai.

Sai batun nau'i. Tsofaffin motoci da yawa Dexron II ko III suke sha. Toyota ta koma T-IV, daga baya WS. Honda tana da nata, ATF-Z1, wanda DW-1 ya maye gurbinsa. Jan launi ba shi ne shaida ba. A yawancin motoci an rubuta nau'in a jikin ƙarfen awon man ko a littafin motar. Ga jabun mai da ya cika kasuwa a cikin galan mai kama da na asali, wanda araharsa ke jan mutane. Araha dai ba ta ado.

Waya, tiyo da gofna

A motoci masu wayar da ta taso daga totur ta shiga giyabos, kamar tsofaffin Corolla da Camry da Marsandi 190, wannan wayar ce wurin dubawa na biyu. Idan ta yi tsauri fiye da ƙima, ko ta maƙale saboda tsatsa da ƙura, giya za ta ɗauka kullum a danne totur yake, ta riƙa jinkiri tana bugawa. Sau da yawa matsalar kan fara ne bayan an wanke totur ko an sauke inji, aka mayar da wayar ba a kan saitinta ba.

A nan akwai gargaɗi. Wasu kan sassauta wayar da ka har giya ta riƙa sauyawa da wuri, mai mota ya tafi yana murna. Amma wayar da ta yi sako-sako tana rage matsin mai, faiba ta riƙa zamewa a ɓoye har ta ƙone. A Toyota akwai alama a jikin wayar da ake daidaitawa da bakin robar, kuma tazarar da aka yarda da ita ba ta wuce milimita ɗaya ba.

Wasu tsofaffin motocin Amurka, irin masu giyar TH350 ta General Motors ko C4 ta Ford, da zuƙon iskar inji suke gane nauyin ƙafar direba, ta hanyar wani ɗan gwangwani da ake kira modileta. Idan siririn tiyon da ke zuwa gare shi ya tsage ko ya cire, giya za ta yi jinkiri ta kuma buga da ƙarfi. Idan robar cikinsa ta huje, inji zai riƙa zuƙe man giya, farin hayaƙi ya fito ta salansa, mai yana raguwa ba tare da an ga ɗigo a ƙasa ba. A tsofaffin Marsandi ma akwai modileta, amma aikinsa ya fi shafar taushi ko tsaurin sauyin. Lokacin sauyin yana hannun wayar da kuma maɓallin da ke ƙarƙashin totur, wanda idan ya maƙale mota ba za ta so barin ƙaramar giya ba.

Gofna kuwa datti ne abokin gabansa. Idan ya cije, matsin gudu ba zai tashi ba. A motoci da dama ana iya ciro shi a wanke ba tare da an sauke giyabos ba.

Idan kwamfuta ce ke jan ragama

Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da na fetur a Turai daga 2001, suna da soket iri ɗaya da ake jona na'urar bincike. Mota tana ajiye lambar abin da ke damunta. P0500 da P0720 suna nuni ga sensar gudu, P0715 ga sensar juyin da ke shiga giya, P0120 ga sensar totur, P0750 da P0755 ga solonoyid. P0700 kuwa sanarwa ce kawai cewa kwamfutar giya tana da ƙorafi, sai an shiga an karanta. Tun kafin a jona na'ura, Toyota kan yi ta ƙyafta fitilar O/D OFF, Honda kuma fitilar D4.

Lamba ba hukunci ba ce, nuni ne ga inda za a duba. Kafin a sayi sabuwar sensa, a duba soket ɗinta da wayoyinta, domin wankin inji da ruwa mai ƙarfi, ɓeraye da zafi suna lalata su. Sensar totur ana gwada ta da mita: takan tashi daga kimanin rabin bolt zuwa kimanin huɗu da rabi, a hankali ba tare da tsalle ba. Idan allurar gudu tana rawa ko ta kwanta a lokacin da giya ke jinkiri, sensar gudu ce abar zargi ta farko.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejojinmu: cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Motoci da yawa, musamman Toyota, ba sa barin giya ta shiga lambar ƙarshe sai ruwan inji ya kai wani mataki na zafi, wajajen digiri 60. Motar da aka cire wa tamostat takan daɗe ba ta kai wannan matakin ba, musamman da hunturu a kan doguwar hanya, sai ta yi ta tafiya a lamba uku tana shan mai. Lalatacciyar sensar zafin ruwa ma haka take yi.

Haka nan ake samun matsala idan an sauya inji ko giyabos da wanda bai dace da kwamfutar motar ba. Ƙirar mota ɗaya tana iya zuwa da giya iri biyu ko uku gwargwadon shekara da ƙasar da aka yi wa ita.

Wani lokacin laifin inji ne

Injin da ya rasa ƙarfi yana tilasta wa direba ƙara taka totur, giya kuma ta bi umarnin ƙafa ta jinkirta. Matattun fulogi, famfon fetur mai rauni, toshewar filtar iska da ƙurar hunturu, da toshewar matatar hayaƙi ta cikin salansa da makanikai ke kira indomi, duk suna haifar da hakan. Birki mai riƙewa ma yana yi. An sha sauya giyabos sukutum, a tada mota, a tarar da jinkirin yana nan inda yake.

Kowa da hujjarsa

Masu motoci suna kukan cewa ana saurin yanke musu hukunci mafi tsada, kuma giyabos ɗin Beljiyam da ake sayowa a Ƙofar Ruwa ta Kano, Panteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas, babu wanda ya san tafiyar da ya yi kafin ya iso. Garantin da ake bayarwa yawanci na 'yan kwanaki ne.

Makanikai su ma suna da tasu. Sukan ce mutane ba sa zuwa sai abu ya lalace, kuma ba sa son biyan kuɗin bincike, sai na gyara. Wanda ya ɓata rabin yini yana gwaje-gwaje ya gano tiyon Naira kaɗan, da wuya a biya shi ladan iliminsa. Buɗe giyabos kuma yana son wuri mai tsabta, kayan aiki da kayan gyara na asali, abin da garejin da ke fili cikin ƙura ba shi da shi. Saboda haka sauyawa ta fi musu sauƙi da kwanciyar hankali.

'Yan kasuwar kayan gyara kuwa sukan ɗora laifin a kan masu ɗaurawa: a sa sabon giyabos ba a wanke bututun sanyaya mai ba, dattin tsohon ya koma ciki, ko a zuba masa man da ba nasa ba, in ya mutu a ce kaya ne ba su da kyau.

Akwai kuma tsohuwar muhawara a kan juye mai. Wasu sun yi imani cewa da zarar an sauya man tsohuwar giya, mutuwarta ta zo. Abin da ke faruwa shi ne, giyar da faibarta ta riga ta cinye takan riƙa kamawa da taimakon garin faibar da ke yawo a cikin baƙin man. In aka juye, ɓarnar da ke ɓoye ta fito fili. Sabon mai bai kashe ta ba. Ga giyar da manta bai ƙone ba, juyewa ta ƙasa tare da wanke kasko da sauya filta alheri ne. Irin wannan juyewar kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi kawai take fitarwa, don haka akan maimaita bayan an ɗan yi tafiya. Abin da ya kamata a guje wa a tsohuwar giya shi ne wanke ta da na'ura mai tura mai da ƙarfi.

Abin da sakaci ke jawowa

Jinkirin da aka bari yana ƙara zafi, zafi kuma shi ne babban mai kashe giyar otomatik. Man giya ya fi son aiki a wajajen digiri 80 zuwa 90. A garuruwan da zafin bazara ke haura digiri 40, ga cunkoso, ga lodi, ba a jimawa ake wuce haka. Mai ya tsinke, robobin ciki su bushe, matsi ya zube, faiba ta ƙone. Matsalar da ta fara daga waje ta koma ta ciki.

Akwai haɗari ma a kan hanya. Motar da ba a san lokacin da za ta sauya giya ba, ba abar dogaro ba ce wajen wuce tirela. Idan kuma ta tsaya, jan ta da igiya tafiya mai nisa yana ƙarasa giyar, domin famfon mai ba ya aiki sai inji yana juyawa.

Mafita

Tsarin bincike a bayyane yake: maɓallai, sannan mai, sannan waya da tiyo, sannan na'urar karanta lambobi, sannan lafiyar inji, sannan awon matsin mai da buɗe kasko. Idan an tarar da ɓarɓashin ƙarfe ko baƙin garin faiba mai yawa a kasko, ko matsi ya faɗi, a nan ne maganar saukewa ta halatta.

A yanayi irin namu, juye man giya a duk kimanin kilomita 40,000 zuwa 60,000 da nau'in da kamfani ya ƙayyade shi ne rigakafin da ya fi kowane araha. Ƙungiyoyin makanikai da cibiyoyin koyar da sana'a su ma suna da aiki a gabansu na horar da matasa a kan giyar otomatik da na'urorin bincike, tunda su ne motocin da ke kan titi a yau.

Ga mai mota kuma, kada ka yarda a sauke maka giyabos sai an nuna maka abin da aka gwada da abin da aka gani. Ka biya mai bincike haƙƙinsa da daɗin rai, kuma ka kai mota tun ranar da ka fara jin jinkirin.